Takardar Oda a Waya: Kada Magani Ya Yanke a Ƙauye

Wata rana mai ƙaramin shagon magani a ƙauye ya kira mu yana neman amoksisilin. Layin waya ba kyau. Muka aika masa ƙwayoyi na manya, ashe na ruwa yake nufi, na yara. Sai da kasuwa ta sake ci kafin aka musanya, yara marasa lafiya suna ta jira.

Tun daga nan muka koma ga takardar oda da ake cikewa a waya. Da Google Forms muka yi ta. Kyauta ne, adireshin Gmail da intanet kawai ake bukata. Kai ma mai shago ko mai sari za ka iya.

Ka sa tambayoyi biyar: sunan mai oda, sunan magani, ƙwaya ne ko ruwa, ƙarfinsa (misali 250 mg ko 500 mg), da yawansa. Ka jera sunayen magunguna a zaɓa, kada kowa ya rubuta da ka. Kowace tambaya ka sa ta zama dole, don kada a aika oda da gurbi. Sai ka tura wa masu saye ta WhatsApp. Amsoshi za su taru wuri ɗaya, kowace da ranarta.

Abu biyu kada ka manta. Sunan mara lafiya da cutarsa amana ce, ba a sa su a takardar oda. Ka kuma ajiye irinta a rubuce, domin ranar da babu intanet.