Yadda Ake Zaɓar Injin Yankan Manyan Itatuwa

A yankinmu na kudu, inda ake da manyan itatuwa irin su loko da maɗaci, mutane da yawa da injin yankan katako suke ciyar da iyalinsu. Saboda haka zan yi bayanin abubuwa uku da mai saye zai duba kafin ya ba da kuɗinsa.

Na farko shi ne tsawon takobi, wato dogon ƙarfen da sarƙa take zagayawa a kansa. An fi so ya fi kaurin gungumen da kamar inci 2, domin a raba shi da yanka ɗaya. Idan gungumen ya fi shi kauri, sai a yanka ta gefe ɗaya, sannan a koma ɗaya gefen.

Na biyu shi ne ƙarfin injin. Mai si-si 50 zuwa 60 ya dace da takobi mai inci 18 ko 20. Takobi mai inci 36 kuwa sai babban inji kamar Stihl 070, mai si-si kusan 106. Idan aka ɗora dogon takobi a kan ƙaramin inji, sarƙar za ta rage gudu, injin ya yi zafi, ya lalace da wuri.

Na uku shi ne lafiyar mai aiki. Babban inji ya fi kilo 10, yana gajiyar da hannu. Kuma idan saman bakin takobin ya taɓa itace, injin yakan zaburo baya zuwa fuskar mutum.

Shawarata ita ce, ka auna itacen da ka fi yanka, sannan ka je kasuwa.