Tansiyo ga ƴan makaranta

Ɗan'uwa manomi, da ke uwargida, in aka ce hawan jini, wanda muke kira tansiyo, sai hankalinku ya tafi ga tsoho mai tumbi. To ku sani yana kama yaro ɗan shekara 8 ko 10. Sau da yawa ba ya nuna alama. Yaro na wasansa, zuciya da ƙoda na gajiya a hankali.

Ga ƙananan yara, galibi daga ƙoda yake tasowa. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, ko ƙurajen ƙazwa da suka yi mugunya. Ya warke, kowa ya manta. Bayan mako 1 zuwa 6 sai ya tashi da safe fuska a kumbure, fitsari ya ragu, ya yi kalar shayi. Wannan ba maita ba ce. Ƙodar ce ta kasa fidda gishiri da ruwa, jini ya hau. Kai shi gidan likita ranar nan, kada ka jira ranar kasuwa. In akwai ciwon kai mai tsanani, da amai ko jijjiga, ko da dare ne a ɗaura amalanke. Tsargiya ma, in ta daɗe ba magani, tana lalata ƙoda.

Sai maganar gishiri. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wajen cokalin shayi guda ke nan. Na yaro bai kai haka ba. Uwargida, yi lissafi: gishirin miya, dunƙulen magi wanda wajen rabinsa gishiri ne, kanwar kunu da ta wake. Kanwa da gishiri uwarsu ɗaya wajen hawar da jini. Rage su kaɗan kaɗan, ki ƙara daudawa da albasa da tafarnuwa. Maigida zai yi guna-guni kwana biyu, harshensa ya saba.

Akwai kuma kitsen jini, mai suna kolastarol, wanda ke taruwa cikin jijiyoyi har ya toshe su bayan shekaru. Ba a gane shi sai an ɗebi jini an gwada. Siririn yaro ma yana iya gadonsa, don wajen mutum 1 cikin 300 da shi ake haifuwarsa. In ciwon zuciya ya kama uban yaro ko kakansa kafin shekara 55, faɗa wa likita.

Kitsen nama, da man da aka yi ta maimaita suya da shi, da lemun kwalba, su ne na ragewa, musamman ga yaran birni masu ƙiba da ba sa guje-guje. Gero, dawa, wake da zogale kuwa, a ci. Amma a yi hattara: ramammen yaro yana bukatar man gyaɗa cikin abincinsa, kada a hana shi.

Daga shekara 3, roƙi a auna masa tansiyo sau ɗaya a shekara, da maɗaurin da ya yi daidai da hannunsa. Awo ɗaya bai isa ba, sai an sake a ranaku 3 dabam. Lambar nan 14/9 ta manya ce, iyakar yaro tana ƙasa da ita. Ƙwayar tansiyon kaka kuwa, kada a ɓara a ba jika.