Me Ya Sa Kat-kat Ke Kafewa A Rairayin Dakoro?

Daga Maraɗi zuwa Dakoro akwai kwalta, amma wanda ya nufi Gadabeji sai ya sha rairayi. Land Cruiser da Hilux, waɗanda ake kira kat-kat, suna ratsawa saboda tayoyinsu huɗu duk suna ja.

Matsala tana tasowa idan aka ɗaura musu tirela ko tankin ruwa. Tayoyin tirela ba sa ja, nutsewa suke yi, suna tara yashi a gabansu.

Gwanayen direbobi kan rage iskar taya don ta baje, su sa ƙaramin giya, su ƙi taka burki da ƙarfi. Idan mota ta kafe, ƙara wuta haƙa rami ne kawai. Direba, kada ka bar Dakoro babu shebur da famfon iska.