Daren Da Jitar Abzinawa Ta Sace Min Zuciya

 Yau na ɗan ajiye labarin soyayyar saurayi da budurwa, zan ba ku labarin wata soyayyar daban, wadda har ta sa Yayana ya ƙwace min waya mako guda cur.

Asalin abin shi ne bikin 'yar Gwaggona da muka je a Agadas. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a fili, aka tada janareto, sai ga samari sun sha rawani, idanu kaɗai ake gani, kowa rataye da jitar lantarki. Ni da na saba da kalangu da waƙoƙin fim, sai na taɓe baki. Kiɗan ya fara a hankali kamar tafiyar raƙumi, mata na tafi suna guɗa. Can sai mai ganga ya ƙara wuta, ƙura ta tashi. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba!

Washegari wata ƙawar amarya ta ce min, "Ke ai ba ki ga komai ba, tunda ba ki ga Mdou Moctar ba." Nan take ta tura min bidiyon wasanninsa.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ɗan Nijar. Gidansu ba sa son kiɗa, don haka da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Abin mamaki, a nan Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon waƙoƙin finafinanmu, kuma ta katin waya waƙoƙin suka zaga Sahara. Daga baya ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu: shi, da Ahmoudou Madassane, da Souleymane Ibrahim mai ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun. Kiɗansu shi Turawa ke kira rok.

To, ni dai a ganina wanda ya ji su a faifai rabin labari ya ji. Ku duba yadda suke buga Afrique Victime, ta 2021, a gaban jama'a. Bahago ne shi, yatsunsa na gudu kan jita kamar ba nasa ba. Waƙar takan faro a natse, ta yi ta ƙara sauri har numfashinki ya nemi ɗaukewa. Ga Turawa cike da zaure, ba su jin ko kalma ɗaya ta Tamashek, amma suna tsalle suna tafi. Alhali kuwa kukan zaluncin da ake yi wa Afirka yake yi.

Ranar da Yaya ya kama ni ina kallo ƙarfe ɗayan dare, ga jarrabawa a gabana, cewa ya yi, "Kiɗan nan ne zai rubuta miki amsa?" Na yi kuka, amma gaskiyarsa ce, domin kowane allazi da nasa amanu.

Abin da ya koya min ma'anar ƙauna kuwa ya faru ne a 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyakoki, su kuma suna tsakiyar wasanni a Amurka. Uku daga cikinsu suka rasa hanyar komawa ga iyalansu. Masoyan nan da ke ihu a zaure su suka haɗa kuɗi ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu. A wannan zaman ne ma suka naɗi kundin Tears of Injustice, wanda ya fito a 2025.

Don haka ƙannena 'yan makaranta, ku so gwaninku, ba laifi. Amma so ba ihu da raba dare ba ne, sai ranar wuya ake sanin masoyi. Ni yanzu sai na gama aikina nake kunna su, kuma kwanan nan na ji Yaya da kansa yana kaɗa yatsu a jikin ƙofa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.