Takardar Rantsuwa Kaɗai Ba Ta Gyara Suna

Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓensa. Matsalar ma ba daga wajensa take ba. Mataimakinsa ne, Biobarakuma Degi-Eremienyo, aka tarar sunayen da ke kan takardunsa na makaranta ba su yi daidai da juna ba. Ya yi rantsuwa a rubuce cewa duk sunayen nasa ne, ya kuma buga a jarida, amma kotu ta ce hakan bai wadatar ba. Washegari abokin hamayyarsa Douye Diri aka rantsar.

Idan saɓanin suna zai iya raba mutum da kujerar gwamna, to ɗan fansho da ɗalibi sai su yi hattara. Mu kuwa a Arewa mun fi kowa faɗawa wannan tarko, saboda yadda muke raɗa suna. Yaro yana da sunan yanka, yana da na alkunya da uwarsa ke kiransa da shi, ya je makaranta malami ya liƙa masa sunan garinsu, kamar yadda aka san Malam Aminu da Kano, Alhaji Shehu da Shagari. Abubakar ɗin nan shi ne Garba a firamare, Habu a katin zaɓe. Muhammad kuwa, kowane akawu da irin rubutunsa: Mohammed, Muhammed, Muhammadu, wani ma ya gajarce shi Moh'd. A da ba mai damuwa, tunda mai duba takardar ya san ka, ya san ubanka. Yanzu kwamfuta ce ke dubawa, ita kuwa harafi ɗaya ya isa ta ce mutum biyu ne.

Abin ya fara tsananta ne daga 2014 da Babban Banki ya kawo lambar BVN. A Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN ta hukumar NIMC, a 2021 kuma JAMB ta ce ba mai rajista sai da ita. Fasfo ma yanzu daga bayanan NIN ake ɗaukar sunanka.

Da farko mutum ya tantance abin da yake nema, gyara ne ko canji. Idan hukumar jarrabawa ko jami'a ce ta rubuta Sa'idu a wurin Sa'adu, wannan kuskure ne, kuma wadda ta ba da takardar ita kaɗai ke da hurumin gyara ta. Rantsuwa a kotu ba ta goge abin da WAEC ta buga. Canji kuwa shi ne ka bar sunan da aka san ka da shi ka ɗauki wani, ko ka ƙara, ko ka rage. Hanyar da aka saba ita ce a je babbar kotu gaban kwamishinan rantsuwa a yi afidabit, a faɗi tsohon suna da sabo da dalili, sannan a buga sanarwa a jaridar da ake karantawa a faɗin ƙasa. Bankuna da ofisoshi da yawa suna karɓar wannan. Amma wanda ke da niyyar tsayawa takara, ko yake riƙe da takardun karatu da za a iya ƙalubalanta, ya nemi lauya ya tsara masa takardar shelar canjin suna a buga a gazet ɗin gwamnati, don ita kotu ta nuna a shari'ar Bayelsa. Shafin jaridar kuma a adana shi ɗungurum, da sunan jaridar da kwanan wata a samansa. Mutane kan yanke ɗan akwatin da sunansu yake su jefar da sauran, sai ranar da ake buƙata a rasa shaidar ranar da ya fito.

Ranar haihuwa ta fi suna wuyar taɓawa. Wata doka ta 1992 ta ɗora rajistar haihuwa a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta kuma ce a yi wa jariri cikin kwana 60. Amma dattijon da za ka tambaya ya ce maka an haife shi shekarar da aka koma tuƙi ta dama, wato 1972, ko shekarar ƙarin albashin Udoji, 1974, ba shi da rana ba shi da wata. Shi ya sa rumbun gwamnati ya cika da 'yan 1 ga Janairu: mai cike fom ne ya zaɓa musu. Babban da ba a yi masa rajista yana yaro ba, sai ya yi rantsuwar shekaru a kotu, ya kai Hukumar Ƙidaya ta ba shi takardar shaida, da ita zai nemi NIMC ta gyara. Kuɗin wannan gyara ya ninka na suna sau da yawa, kuma tun 2024 akwai shafin hukumar na intanet da mutum zai nema da kansa. Mai shagon kwamfutar da ya ce ka ba shi kuɗi ya gyara maka ta bayan fage, ka kiyaye shi, lambarka da sirrinka kake miƙa masa.

Tsananin nan yana da dalili, kuma mu muka jawo shi. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne a shekara 60 ko bayan aikin shekara 35, bautar ƙasa kuma ba a tura wanda ya haura 30 lokacin da ya gama karatu. Sai rage shekaru ya zama ruwan dare, har ka ga ƙane ya girmi yayansa a takarda. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya: ranar karɓar fansho ake jera fayil ɗin ɗaukar aiki da NIN da BVN, inda suka saɓa kuɗi ya maƙale. Rantsuwa kan ƙarya kuma laifi ne da ake ɗauri a kansa.

Ga 'yan'uwa mata, ba wata doka a Najeriya da ta tilasta wa matar aure ɗaukar sunan mijinta. Wadda ta bar na mahaifinta yadda yake a takardunta ta hutar da kanta, musamman idan aure ya zo ya mutu.

Wanda ya gama da kotu da jarida, ya fara da NIN, don ita sauran ke kallo. In gyaran ya fito sai ya ɗauki sabuwar takardar ya nufi banki a daidaita BVN, daga nan ofishin fasfo, kamfanin fansho, da wurin aikinsa. Ba ɗayansu da zai gyaru don an gyara wani, kowanne sai an je masa da takardu a hannu.