Ƙwayar da ta ƙi mutuwa, da sojan da ke tona asirinta

Kalli yatsun hannunka. Lokacin da kake cikin mahaifiyarka, a manne suke da fata kamar ƙafar agwagwa. Ƙwayoyin da ke tsakaninsu ne suka kashe kansu, yatsun suka rabu. Har yanzu haka jikinka yake yi: kullum biliyoyin ƙwayoyin halitta na mutuwa cikin tsari, wasu su maye gurbinsu. Idan ƙwayar da ta lalace ta ƙi mutuwa ta ci gaba da hayayyafa, nan cutar daji ke samun gindin zama.

To wa ke ba da umarnin mutuwar? A cikin ƙwaya akwai wasu ƙananan ɗakuna da ake kira mitokondiriya, su ne janaretan da ke ba ta ƙarfi. A ciki akwai wani furotin mai suna sitokurom si, aikinsa taya samar da ƙarfin nan. Amma da zarar ƙwaya ta lalace ƙwarai, bangon ɗakin sai ya huje, furotin ɗin ya tsiyayo waje, ya tayar da sinadaran da ke farfasa ƙwayar daga ciki. Xiaodong Wang da abokan aikinsa a Amurka ne suka gano wannan a 1996.

Ta yaya masu bincike ke ganin abin da ido ba ya gani? Da antibodi, wato sojojin garkuwar jiki da kowanne ke gane abu guda ya manne masa. Tun 1975 Georges Köhler da César Milstein suka samo hanyar ƙera su iri ɗaya a ɗakin gwaji. Irinsu ne ke cikin ɗan katin gwajin zazzaɓin cizon sauro da na juna biyu. A nan kuwa ana haɗa su da rini mai ƙyalli, a zuba wa ƙwayoyin, a leƙa ta madubin bincike. Ƙwaya mai lafiya za ta nuna haske a ɗigo-ɗigo, domin furotin ɗin na cikin ɗakinsa. Wadda ta kama hanyar mutuwa kuwa, hasken ya bazu ko'ina a cikinta.

Ga inda abin ya shafe ka. Sau nawa ka ci karo da bidiyo a TikTok ko Facebook ana cewa "bincike ya tabbatar ganye kaza na kashe kansa"? Sau da yawa binciken irin wannan ne, an ga ƙwayoyi sun mutu a ɗan faranti. Ai ko ruwan bilic ka zuba musu za su mutu. Kafin abu ya zama magani, sai an gwada shi a jikin mutane an ga bai kashe lafiyayyun ƙwayoyi ba, kuma hakan kan ɗauki shekaru.

Saboda haka kafin ka tura wa gurup ɗin gida, tambayi kanka: a faranti aka gwada ko a jikin mutum? Wata ƙila akwai goggon da za ta bar asibiti saboda saƙonka.