Ruwan Dindir daga Teku Yake Tasowa

Shirinmu na musamman yau zai taso ne daga gaɓar Kogin Dindir a tsakiyar rani, lokacin da gulbin ya koma yashi zalla, sai 'yan tafkuna nan da can, mata na tona rami a tsakiyarsa suna kwarfar ruwa da ƙoƙo. Ka tari masunci a nan ka ce zancen teku ka zo yi masa, dariya zai yi maka. Ina ruwan biri da gada? Tsakaninsa da bakin teku a Bur Sudan ɗaruruwan kilomita ne.

To, a tambaye shi: jan ruwan nan da ke zuwa da damina, mai tafe da itatuwa da laka, wanda ke cika fadamun gandun dajin Dindir da aka keɓe tun 1935, daga ina yake? Zai ce Habasha. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba. Dutse ba ya haifar ruwa. Iska ce ke kwaso tururi daga Tekun Atlantika ta bi da shi ta kan dazukan Kwango, wani kuma daga Tekun Indiya, hadari ya zo ya ci karo da tsaunukan Habasha ya sauke kayansa. Idan zafin teku ya sauya, hanyar hadarin ma sai ta sauya. Dattawanmu ba su manta da yunwar 1984 ba. Masana sun gano cewa ɗumamar ruwan tekuna na cikin manyan dalilan farin da ya ƙona yankin Sahel a shekarun nan, daga ƙasar Hausa har Kurdufan. A 2015 ma, da ruwan Tekun Fasifik ya ɗau zafi, abin da ake kira El Nino, damina ta gaza a sassan Habasha. Ku duba fa: teku a can bayan duniya, amma dawar Sinnar ce ke jin jiki.

Bashin kuma ba ɓangare ɗaya ke bin sa ba. Lakar da Dindir ke zubawa a Shuɗin Nilu, tsakanin Sinnar da Wad Madani, da can har Bahar Rum take kaiwa, ita ce takin da ke ciyar da ƙananan halittun da kifin teku ke ci. Da Masar ta tare kogin da madatsar Aswan, kamun kifin sardin a bakin tekunta ya faɗo daga kusan tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 1,000 kafin shekarun 1960 su ƙare. Masuntan can, waɗanda ba su taɓa jin sunan Dindir ba, ashe lakarmu suke ci.

Yau laka tana kwantawa a bayan madatsu, mu kuma mun sami sabon abin da muke aika wa kogi: leda. Kowace ranar kasuwa iska na kwashe ta, ta rataye a ƙaya, ruwan farko ya wanke ta zuwa gulbi. Kada in cika baki, ba duka ke isa teku ba, madatsun Marawi da Aswan na tare da yawa. Amma wannan ba abin murna ba ne, don tana farfashewa ne a cikin ruwanmu. Masu bincike sun sami ɓurɓushin roba a cikin karfasar da aka kamo daga Nilu, irin wadda ake soyawa a bakin tasha.

Saura Bahar Maliya, wadda ba baƙuwarmu ba ce. Niyyar Makka ce ta zaunar da kakanninmu a wannan ƙasa ta Sudan, har Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma masu ci gaba da tafiya daga Sawakin suke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Ta nan tumakinmu ke fita zuwa Saudiyya har gobe. Gishirin miyarku ta daren jiya, akwai yiwuwar a filayen Bur Sudan aka shanya ruwan teku ya zama shi. A wannan tekun ne Sanganeb da Dungunab suke, da murjaninsu da ayu irin na teku, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Murjani ba ya jure zafi. Ruwa ya ɗumama fiye da kima, sai ya yi fari fat, kifi ya watse.

Masuncinmu na ɗazu dai ya gama dariya, ya jawo birginsa daga tafki. Tarwaɗa biyu, karfasa ɗaya, sai leda baƙa da ta naɗe darma, yana ta ɓamɓarar ta da haƙori.